Wasiƙar Da Ba Ta Iso Ba

Mai karatu, bari in fara da tona wa kaina asiri. Karon farko da fim ɗin The Namesake ya shigo hannuna, ko minti talatin ban yi ina kallo ba na goge shi daga wayata. Lokacin ina shekarar farko a foliteknik, wani yaro mai tura finafinai a bakin makaranta ya haɗa min shi cikin wasu guda biyar, ya ce ai na Tabu ne, zan ji daɗinsa. Na zauna ina jiran waƙa, shiru. Ina jiran bos ya fito, shiru. Ban da wani hatsarin jirgin ƙasa da aka nuna a farko, babu abin da nake gani sai wata mata a ɗaki ita kaɗai, tana leƙen dusar ƙanƙara ta taga. Na ce wannan kuma wane irin Indiya ne? Washegari har faɗa na yi wa yaron a kan ya cinye min kuɗi a banza.

Yau ga ni ina cika shafi a kan fim ɗin da na goge. Abin da ya faru tsakanin wancan lokaci da yanzu shi nake so in ba ka labari.

Laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Mu da muka tashi a gaban finafinan Indiya, tun daga iyayenmu da suka yi layi a Plaza da Orion da Marhaba har zuwa mu 'yan zamanin fassara, an riga an zana mana yadda Ba'indiye yake rayuwa a ƙasar waje. Ka tuna farkon Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, inda Amrish Puri, wato Mugambo namu, yake watsa wa tattabaru hatsi a tsakiyar Landan yana kewar gonakin Panjab. Ka tuna Pardes na 1997. Ka tuna Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, inda uba ya kori Shah Rukh daga gida, aka ce mana bayan shekara goma, sai ga shi a Landan cikin wani gida kamar fada, ga mota, ga Kajol tana hawaye don ɗanta ya rera taken Indiya a makarantar Turawa. Duk mun yi kuka a wurin nan, kada kowa ya musa. Amma shekara goman nan fa? Wa ya ba shi ɗakin farko? Me suka ci a daren da suka sauka? Ranar da Kajol ta fara naƙuda, wa ya riƙe mata hannu? Karan Johar bai ga abin nunawa a ciki ba, ya tsallake su. To, waɗannan shekarun da ake tsallakewa su ne Mira Nair ta ɗauka ta yi fim a kansu.

Asalin labarin littafi ne. Jhumpa Lahiri ta wallafa shi a 2003, shekara uku bayan ta ci kyautar Pulitzer da littafinta na farko na gajerun labarai. An haife ta a Landan a 1967, iyayenta 'yan ƙabilar Bangali ne, suka ƙaura da ita Amurka tana ƙarama, mahaifinta ya kama aikin laburare a Jami'ar Rhode Island. Abin da ta rubuta, a gidansu ta gan shi. Ita ma Mira Nair baƙuwa ce: tana da shekara 19 ta bar Indiya ta tafi karatu Harvard, daga baya aure ya kai ta Kamfala ta Yuganda. Ta faɗa a hirarraki cewa ta karanta littafin ne a cikin jirgin sama, tana cikin jimamin rasuwar surukarta, wadda ta rasu a Niyok aka binne ta a can, nesa da ƙasar da ta saba. Fim ɗin ya fito a bukukuwan finafinai a 2006, ya shiga sinimomi a 2007, da Tabu da Irrfan Khan da Kal Penn. (Af, ɗanta Zohran Mamdani, wanda ta ce shi ya matsa mata ta ɗauki Kal Penn lokacin yana matashi, shi aka zaɓa magajin garin Niyok a 2025. Ka ji ikon Allah.) Ma'anar sunan fim ɗin da Hausa ita ce takwara.

Labarin ba shi da wani ƙulli. Ashoke Ganguli ɗan Kalkata ne, ya tsira daga hatsarin jirgin ƙasa, ya tafi Amurka karatun injiniya, ya dawo gida aka haɗa shi aure da Ashima, yarinyar da ba ta san shi ba, ya ɗauke ta ya tafi da ita. A littafi suna zaune ne a Cambridge ta jihar Massachusetts, labarin ya fara a 1968. A fim an mayar da su Niyok, an kuma matso da shekarun zuwa bayan 1970. Akwai dalilin da ya sa irin su Ashoke suka yawaita a Amurka a wannan tsakanin. A 1923 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke wa wani Basikhe mai suna Bhagat Singh Thind hukuncin cewa ba zai zama ɗan ƙasa ba saboda ba farar fata ba ne, duk da ya yi masu aikin soja. Dokar 1946 ta ɗan buɗe ƙofa, amma mutum 100 kacal ta yarje wa Indiya a shekara. Sai a 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a sabuwar dokar shige da fice da ta soke wancan tsari, ta fifita masu ilimi da sana'a da kuma iyalansu. Daga nan likitoci da injiniyoyi suka kwararo. Su mazan sun zo da takardun digiri, suna da ofis ko aji da za su tafi kullum da safe. Matan kuma da akwatin sari suka zo, aka ajiye su a ɗaki.

Ashima tana cikin waɗannan matan, kuma ni a wurina ita ce fim ɗin, duk da cewa sunan ɗanta aka sa masa.

Akwai wani ɗan gajeren wuri tun a Kalkata. An zo ganin ta, baƙi suna falo, ta tsaya a bakin ƙofa ta ga takalman da suka cire. Ɗaya ya bambanta da sauran, ƙirar Amurka ne. Sai ta waiga, babu mai kallo, ta zura ƙafarta a ciki ta ɗan taka. Tabu ba ta ce uffan ba, amma ka gama fahimtar yarinyar nan tana son ta ga duniya ita ma, ba jan ta kawai aka yi ba. Na so wannan wurin domin ya hana mu yi mata kallon abar tausayi tun daga farko.

Sai kuma aka sauke ta a cikin hunturu. Miji ya nuna mata murhu da famfo ya fita aiki. Nan ne littafin ya faɗi wani abu da ya daɗe yana damuna. Gidan da suka kama ƙarami ne, sanyi yana shiga da hunturu, zafi ya dame su da bazara, ga kyankyasai a banɗaki. Ba irin gidajen da ta gani a finafinan Turawa ba ne. Amma idan ta zauna rubuta wasiƙa gida, ba ta faɗar ko ɗaya daga cikin wannan. Labarin gas take ba su, wanda ake kunnawa dare da rana ba ya yankewa, da ruwan zafi a famfo, da ruwan sanyin da ake sha ba sai an tafasa ba. Ba ƙarya ta yi ba, ko ɗaya. Ta dai zaɓi abin da ba zai tayar wa iyayenta hankali ba, ba zai kuma kunyata mijinta ba. Riƙe wannan a ranka, mai karatu, zan dawo kansa.

Abinci kuma fa? A titunan Kalkata ana sayar da wani abin taɓawa da ake kira jhalmuri, shinkafa ce da aka gasa ta kumbura kamar gugguru, a zuba gyaɗa da albasa da barkono da man mustad, a ƙulla a takarda. Ashima ta duba kicin ba ta ga komai da ta sani ba, sai ta ɗauko kwalin Rice Krispies, abin karin kumallon yaran Turawa da ake ci da madara, ta zuba gyaɗa da yaji ta cakuɗa. Da wannan aka buɗe littafin ma, tana da tsohon ciki tana haɗa shi, ta ɗanɗana ta ji har yanzu da abin da ya rage. Ranar da na fara kallo, wannan wurin dariya ya ba ni.

Sai ranar da ta ce bari ta yi abin kirki, ta kwashi kayan mijin ta kai injin wanki na unguwa, rigunan sanyinsa duk suka tsuke kamar na yara. Ya yi faɗa. Ta shiga banɗaki ta kulle tana kuka. Duba yadda Irrfan ya yi wasan nan: fushin ya sauka daga fuskarsa a hankali, ya tuna yarinyar nan ba ta da gidan da za ta yi yaji ta tafi, ba ta da ƙawa, ba ta da maƙwabciya, banɗakin nan shi ne iyakar inda za ta gudu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana lallashi da wasa har ta buɗe. A finafinan da muka saba, nan ne za a yanka zuwa dutsen Suwizalan a yi waƙa. Nan kuwa murmushi kawai ta yi, kuma daga ranar auren ya fara kama ƙasa. Irrfan ya rasu a watan Afrilun 2020, Allah bai ba Indiya irinsa da yawa ba.

Yanzu ga maganar suna, inda na san Bahaushe zai gyara zama. Bangalawa suna da suna biyu: na gida wanda dangi ke kira, da na kirki wanda ake rubutawa a takarda. Ba sa gaggawar sa na biyun, kuma manya ne ke zaɓa. Kakar Ashima ce aka bar wa zaɓin. Ta rubuta suna biyu, na namiji da na mace, ta sa a wasiƙa ta kai gidan waya da kanta, ba ta gaya wa kowa abin da ta rubuta ba. Aka haifi yaro wasiƙa ba ta iso ba. Iyayen ba su damu ba, suka ce a jira. Sai ma'aikacin asibiti ya ce masu a nan ƙasar ba a sallamar jariri sai da takardar haihuwa, takarda kuma ba ta yiwuwa sai da suna. Ka kwatanta a ce maka ba za ka fita da matarka daga asibiti ba sai ka raɗa suna a tsaye, babu liman, babu rago, babu kaka. Ashoke ya laluba ya ce a sa Gogol kafin wasiƙa ta zo, sunan marubucin Rasha Nikolai Gogol, wanda littafinsa ne a hannunsa daren da jirgi ya kife, kuma takardar littafin ce masu ceto suka hango suka zaƙulo shi. Wasiƙa dai ba ta taɓa isowa ba. Kakar ta kamu da shanyewar jiki, hankalinta ya gushe, ta tafi da sunan a cikinta. Sunan wucin-gadi ya zama na dindindin, yaro ya girma yana jin kunyarsa, har ya je kotu ya sauya zuwa Nikhil.

Akwai sauran abubuwa da za ka rantse a Kano aka rubuta su. Ashima ba ta taɓa kiran sunan mijinta, ko a naƙuda, sai dai ta yi wata 'yar magana da zai gane da shi take. A garinsu mace gidan iyayenta take komawa haihuwa, kamar goyon cikinmu, ita kuwa a bayan labule ta haihu tsakanin Turawan da ba ta sani ba. Idan yaro ya kai wata shida akan yi bikin ba shi shinkafar farko, kawu ne ke ba shi, to babu kawu a Amurka, sai wani abokin Ashoke ya tsaya a matsayin. Da haka suka ƙera dangi daga baƙi: duk Bangalin da aka haɗu da shi a kanti ya zama kawu, matarsa ta zama inna, kowace Asabar a taru a gidan wani a ci shinkafa da kifi a zaune a ƙasa.

To, ga abin da ya dawo da ni kan fim ɗin.

A 2021 mijin yayata, malamin jami'a ne, ya samu tafiya Ingila yin digiri na uku, ya tafi da ita. Ranar rakiya gidanmu kamar ana biki. Ni kaina abin da ke raina shi ne waya da kwamfutar da za ta aiko min. Ta sauka a wani gari a arewacin ƙasar, ta fara turo saƙon murya a WhatsApp na gida. Wuta ba a ɗaukewa. Ruwa ba ya yankewa. Bas tana zuwa a kan minti. Asibiti ba a cewa ka kawo kuɗin kati. Mu kuma muna ta cewa Yaya kin huta, Yaya ki yi mana hanya. Wata rana ta kira ni ni kaɗai ta ce, "Auta, don Allah in ka ji mai tahowa ka sa min daddawa da kuka, ko kaɗan ne." Na yi dariya na ce, "Haba Yaya, kina ƙasar Sarauniya kina neman daddawa?" Ita ma ta yi dariya. Ban aika ba. Na manta ma.

A shekara ta gaba Baba ya rasu, da asuba, bayan jinyar kwana huɗu. Yaya tana da cikin wata bakwai. Manya suka ce kada a gaya mata kai-tsaye, a kira mijin, kuma ni aka miƙa wa waya. Na gaya masa. Yana cikin salati ta ji, ta karɓe wayar.

"Auta, lafiya da sassafe haka? Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Ka ba shi mu gaisa."

"Ya samu barci."

Makara tana tsakar gida lokacin da nake wannan magana. Kafin azahar an kai shi. Sai da yamma mijin ya iya gaya mata, kuma da wannan tsohon ciki babu maganar hawa jirgi. Ta yi zaman makokinta a ɗaki ɗaya da falo, matan wasu ɗalibai 'yan Nijeriya uku suka zo suka zauna da ita, sai wata maƙwabciyarta 'yar Pakistan da ta yi ta kawo abinci.

Bayan wata biyu da rasuwar, dare ɗaya barci ya ƙi zuwa, ina ta laluben abin kallo sai na ci karo da fim ɗin nan da na taɓa gogewa. Wannan karon na kai ƙarshe, da gari ya waye na nemi littafin. A cikinsa akwai daren da waya ta yi ƙara a gidan su Ashima. Ƙanenta Rana ne daga Kalkata. Ya yi magana da Ashoke tukuna, sannan aka ba ta. Ta tambaye shi gida, ya amsa sama-sama, ya kasa faɗa, har layi ya yanke. Sai da suka koma shimfiɗa mijin ya gaya mata mahaifinta ya rasu. Wallahi ajiye littafin na yi na fita waje. Wata mata da ba ta san da ni ba, ba ta san garinmu ba, ta rubuta abin da na aikata shekara kusan ashirin kafin in aikata shi, har da kame-kamen da na yi.

Abin da ya biyo baya a littafin ya fi wannan ciwo, kuma fim bai ɗauke shi ba. Dama suna shirin zuwa gida, Ashima ta daɗe tana tara tsaraba. Ta saƙa wa mahaifinta rigar sanyi, ta sayo masa buroshin zane don shi mai zane ne. Akwai ranar da ta manta kayan sayayyarta a jirgin ƙasa na cikin gari, ta dawo tana kuka, mijin ya buga waya ofishinsu, washegari aka dawo da komai babu abin da ya ɓata. Wannan ya sa ta fara jin garin ba maƙiyinta ba ne. Bayan rasuwar sai ta sa rigar da buroshin a jaka, ta shiga jirgin, ta tura jakar ƙarƙashin kujera, ta sauka da gangan. Wani fasinja yana ƙwala mata kira ta yi mantuwa, ta yi kamar ba ta ji ba.

A nan na gane saƙonnin muryar Yaya wasiƙun Ashima ne. Gas da famfo, wuta da bas. Daddawar da na yi wa dariya kuma ita ce Rice Krispies da yaji. Sau ɗaya tak ta ɗan buɗe min ƙofa in ga yadda take, ni kuma na mayar da abin wasa. Mutane suna cewa yanzu ai da sauƙi, ba zamanin wasiƙar da ke yin makonni a hanya ba ne, ga bidiyo kana ganin kowa. Haka ne. Yaya ta kalli sunan ɗanta ta waya: an yanka rago a ƙofar gidanmu, an yi addu'a, mata sun cika gida suna cin tuwo, mai jego da jariri suna can su biyu a kan kujera suna kallon mu a allo. Ita ta dafa wa kanta ruwan wanka a ranar.

Kada in cika ka da yabo, fim ɗin yana da rauninsa. Da zarar labari ya koma kan Gogol ya girma, da budurwarsa Baturiya Maxine, da auren da ya yi da Moushumi wanda bai ɗore ba, sai abin ya fara gudu, ana ta tsallake shekaru kamar ana sauri a kama mota. Kal Penn ya yi ƙoƙari, amma idan aka ajiye shi kusa da Tabu da Irrfan sai ka ga tazara. Akwai kuma wurare biyu zuwa uku da ba na kallo a falo da iyaye ba ne, na gaya maka tun yanzu. Sannan a tuna wahalar su Ashoke wahalar masu rufin asiri ce. Da biza suka shiga, da ilimi, ya zama malamin jami'a, suka sayi gida a bayan gari. Akwai Indiyawa miliyoyi da suka fita leburanci ƙasashen Larabawa, waɗanda labarinsu daban ne. Wanda ke son ganin wancan ɓangaren ya nemi Aadujeevitham na 2024, wanda Prithviraj ya fito a matsayin Najeeb, ɗan Kerala da ya tafi Saudiyya neman kuɗi ya ƙare a kiwon awaki cikin hamada kamar bawa. Shi ma daga littafi aka ɗauko shi, na Benyamin, 2008. Kusa da Najeeb, Ashima 'yar gata ce. Sai dai gatan bai hana ta zama ita kaɗai a gida ranar da aka kira ta daga asibiti ba.

Domin haka Ashoke ya tafi. Ya karɓi wani aiki na 'yan watanni a Cleveland ta jihar Ohio, ita ta zauna a gida, yara sun watse. Ya kira ta daga asibiti ya ce cikinsa ne ke ɗan damunsa, kada ta damu. Ta jira, ta jira, ta buga. Wata ƙaramar likita ta gaya mata da wata kalmar Turanci da ita Ashima ta fi sani a wurin aikinta na laburare, wadda ake faɗa idan wa'adin kati ya ƙare. Abin da Tabu ta yi bayan ajiye wayar ya kamata a riƙa nuna wa 'yan wasanmu. Ba ta faɗi ta yi birgima ba. Ta bi ɗakuna tana kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman wani, sannan ta fita tsakar gida cikin sanyi, unguwa duk an ƙawata ta da fitilun Kirsimeti, babu ƙofa ɗaya da ta buɗe, a nan kukan ya ƙwace mata. Gogol ya je ɗauko gawa, ya shiga ɗakin da uban ya zauna, ya ga takalmansa a ajiye, ya zura ƙafa a ciki. Ya dawo wurin uwarsa da kai a aske ƙwal, bisa al'adarsu ta makoki, al'adar da ya yi wa dariya yana yaro.

Abin da ban zata ba shi ne ƙarshen Ashima. Na ɗauka za ta tattara ta koma Kalkata ta ce alhamdulillahi an rabu da ƙasar sanyi. Ta sayar da gidan kam, amma shawarar da ta yanke ita ce wata shida a Indiya, wata shida a Amurka. Matar da ta yi shekara 33 tana kewar gida ta wayi gari ta gane za ta yi kewar laburaren da take aiki, da ƙawayenta Turawa, da motar da ta koyi tuƙawa, da garin da ta san mijinta a cikinsa. Kalkatar da ta bari kuma babu uba, babu uwa, babu kaka. An ce ma'anar sunanta ita ce wadda ba ta da iyaka. Ita kanta Lahiri ba ta zauna wuri ɗaya ba: a 2012 ta kwashe iyalinta ta koma Rum, ta kama rubutu da Italiyanci. Jhumpa ɗin ma sunanta ne na gida, malamar makaranta ce ta ga ya fi sauƙin faɗa fiye da Nilanjana, ya bi ta har bangon littafi.

Na tura wa Yaya fim ɗin, tare da ƙullin daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da wani ɗalibi ya tafi da su, shekara biyu bayan ta roƙa. Ba ta ce komai a kan rasuwar ko kiran wayar ba, ni ma ban tayar ba, har yau ba mu taɓa zancen asubar nan ba. Cewa kawai ta yi matar nan ta cika yaji a abin nan, kuma ita da garin semolina take tuwo, ya fi na shinkafarsu kama jiki.

Yaron sunan Baba aka mayar masa, don haka a gidanmu babu mai iya faɗar sunan, Abba muke ce masa. Da ya shiga makarantar reno a can, abin da ke cikin takardar haihuwa suka bi. Yaya ta ce min kullum ƙarfe uku tana tsaye a bakin ƙofa cikin sauran iyaye, sai malamar ta leƙo ta ƙwala sunan mahaifinmu gatsau, babu Malam babu Alhaji, yaro ya taho da gudu da jakarsa. Ta ce watan farko har gabanta faɗuwa yake yi. Na ce to ki gaya masu su riƙa cewa Abba mana. Ta yi shiru, sannan ta ce a'a, a bar shi, a duk garin nan wurin ne kaɗai take jin an ambaci sunan.